Akwati na Goma Sha Ɗaya

Su tara ne suke kwana a tsohuwar maɗaba'ar da ke unguwar Exarchia, ba mai biyan haya, ba shugaba. Tun da masu gidaje suka shiga korar 'yan haya suna zuba baƙi masu kwana uku su wuce, ƙofofin unguwar suka cika da ƙananan akwatunan ƙarfe da ake ajiye wa baƙin makulli. Taron gida ya yanke a ɗura musu gam. Fotis, wanda ya watsar da jami'a saura shekara guda, shi aka ba layin bayan kasuwa. Ranar Lahadi ya toshe goma sha ɗaya.

Na ƙarshen ba na baƙi ba ne. Na Kyr Lambros ne, tsohon mai gyaran takalma da ƙafafu suka gaza masa. Daga akwatin nan Nino, matar da ke kula da shi, take ɗaukar makulli kowace safiya. Ranar Litinin ta yi ta kokawa da gam, tana jiyo nishinsa daga banɗaki inda ya faɗi, har 'yan kwana-kwana suka ɓalle ƙofar.

Myrto, wadda ta kawo shawarar gam ɗin tun farko a taron gida, ta dubi Fotis ta ce, "Malamin falsafa, duk karatun nan ka kasa karanta sunan da ke jikin ƙararrawa?" Sannan ta sassauta murya, ta ce ya kame bakinsa, domin kalma ɗaya ta isa 'yan sanda su kwashe su duka.

Evdokia, 'yar tsohon, ta iso daga garin Larisa da zancenta a shirye: za ta tafi da mahaifinta. A ganinta aikin dillalan da suka daɗe suna matsa wa mahaifinta ya sayar ne, kuma wanda ya fara da gam zai ƙare da wuta. Tsohon ya roƙe ta, ya ce shekara hamsin yana shaƙar iskar wannan baranda. Ta ce in da ta san wautar yara ce da ta bar shi, amma ba za ta yi caca da ransa ba.

Fotis yana tsaye a bakin ƙofa sa'ad da ta faɗi haka, rungume da kwalin kwanuka, don shi ya kawo kansa taya kwasar kaya. Saura kaɗan ya ce shi ne ya ɗura gam ɗin. Ya tuna katifu tara a ƙasan maɗaba'a, ya gyara riƙon kwalin.

Shi ya goyo tsohon zuwa ƙasa, hawa uku. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Ɗana," in ji Kyr Lambros a kunnensa, "ku kaɗai kuka rage masu gaida mutum a layin nan. Ka gaishe min da abokanka."

Fotis ya ce, "Riƙe ni da kyau, Baba. Matakalar nan da santsi."