Inda Ƙarfen Ke Karyewa

Babana bakanike ne, kuma duk abin da ya sani game da jami'a a ƙarƙashin mota ya koye shi. Shekara talatin yana kwance a kan katako yana leƙen cikin motocin masu ilimi, har ya yanke wa kowane karatu hukunci. Lauyoyi, in ji shi, fenti ne kawai, ka buɗe gaban motar ka ga abin kuka. Malaman makaranta sai mota ta mutu murus a hanya suke tunawa da shi. Injiniyoyi kuwa, Allah ya kyauta! Su ne za su kwance inji da hannunsu ranar hutu, su kawo maka shi a buhu, suna ma yi maka bayanin abin da ya lalace.

Mutum ɗaya ne ya ci jarrabawar Baba, wani dattijo da muke kira Mai Kemis, wanda ya karanta harhaɗa magunguna. Tun kafin lokaci ya yi yake kawo motarsa a juye mata baƙin mai, tayoyinsa huɗu iri ɗaya, kujerunsa ko ƙura babu. Don haka ranar da za a cike min takardar neman jami'a ba a yi wata doguwar shawara ba. Baba ya nuna gurbin da kan sifana ya ce, "Uwata, rubuta na Mai Kemis." Uwata yake kirana, ko yana fushi. Na rubuta, aka kuwa ɗauke ni, Baba ya yi kwana uku yana ba duk wanda ya shigo gareji labari.

Ni ma na yi murna, kar in yi ƙarya. Amma mako guda da fara shiga aji na gane akwai matsala. Ba wai ba na fahimta ba ne, ina fahimta sarai, sai dai abin ba ya taɓa ni. Malami na rubuta sunayen sinadarai masu tsawo kamar layin gidan mai, 'yan ajinmu na ta kwafa, ni kuwa idona na kan fankar sama da ke karkaɗa, ina ce wa kaina boris ɗin da take juyawa a kai ya cinye. Na ji kunyar kaina, wallahi. Mutane nawa suka nemi wannan gurbin ba su samu ba?

An ce kowane sabon ɗalibi sai ya ga mai ba da shawara kan karatu kafin mako na biyu ya ƙare. Ofishinta na hawa na biyu, can ƙarshen baranda, ɗan ƙarami, tebur ɗaya da kujeru uku da wani babban kwali a gefen ƙafarta. Saboda shi ɗalibai ke kiranta Malama Mai Kwali. Na zauna ina jiran ta tambaye ni me nake so in zama, na ma shirya ƙaryar da zan yi. Ba ta tambaya ba. Ta sunkuya ta zaro takardu biyar ta shimfiɗa a gabana.

"Tsofaffin takardun jarrabawar 'yan aji uku ne, daga sassa biyar," in ji ta. "Ban ce ki amsa ba, ba za ki iya ba. Ki duba kawai. Wadda ta ba ki haushi don ba ki san amsarta ba, ki ajiye min ita a gefe."

Ta koma kan aikinta kamar ba na ɗakin. Na duba ta harhaɗa magunguna na ajiye, na duba ta lissafin kuɗi da ta ilimin tsirrai na ajiye. Ta huɗu tana da zane: sandar ƙarfe mai juya taya, wadda su Baba ke kira shaf, mai kauri a gefe ɗaya, siririya a ɗayan. Tambayar ita ce, idan ta daɗe tana aiki, a ina za ta fara karyewa, kuma me ya sa? Na juya takardar, na sake juyawa, na ɗauki biron Malama ba tare da na roƙa ba.

"'Yata," ta ce can, "ta sashenku ba ki yi minti ɗaya da ita ba. Wannan kuwa kwata guda ke nan kina harararta. Ta injiniyan inji ce."

Duk karatun duniya a rasa wanda zai kama ni sai na masu kawo inji a buhu!

Malama ba ta zuga ni ba. Ta lissafa min hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Zan iya zama inda nake, karatu ne mai kyau kuma zan iya shi. Zan iya bari sai baɗi in nemi canji, amma lokacin gurbi ya yi wuya, wataƙila in maimaita shekara. Ko kuma in canza yanzu, tunda makina a lissafi ya isa kuma akwai sauran gurbi. Ta ce lissafinsu ba wasa ba ne, in je in zauna a ajinsu sau biyu tukuna in ji ko zan jure. Sai ta miƙo min fom.

"Alhamis mai zuwa ƙarfe huɗu ake rufewa. Tunda ba ki cika sha takwas ba, sai mahaifinki ya sa hannu a nan."

Na je ajin nasu Litinin, na koma Talata. Rabin abin da aka faɗa ya wuce ta saman kaina, amma ko sau ɗaya ban kalli fanka ba. Da yamma na ajiye wa Baba fom ɗin kusa da kofin shayinsa, na faɗi abin da ke raina a numfashi ɗaya don kar tsoro ya kama ni a tsakiya.

"Injiniya?" ya ce. "Ke? A gidan nan?"

"Baba, shi nake so."

"So! Wa ya tambaye ki so? Wace ce ta juya miki kai a mako biyu?"

Ni kuma ban gaji haƙuri ba, na ce ai ba a zaɓar wa mutum rayuwa da kallon tayar wani. Mama ta dafe ƙirji. Baba ya ture kofin ya fita. Mama ta dube ni ta ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi taurin kai, ke taurin kai, ni ce dai a tsakiya."

Laraba da safe sai ga Baba ya saka kayansa masu kyau, ya ce in kai shi wurin wannan malamar ya ji da wane izini take wargaza masa gida. Duk hanya a bayan babur ina addu'ar Allah ya sa ba ta nan. Tana nan daram. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ba shi kujera, ta bar shi ya zazzage duk abin da ya zo da shi, har da labarin buhu. Ta yi dariya sosai a nan, abin da ya ɗan rage masa ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, ni ban zaɓa mata komai ba," ta ce. "Ga abin da ta zaɓa."

Ta ajiye masa takardar. Baba ba ya karanta irin wannan rubutun, amma zane ai ba ya bukatar tafinta. Ya matso da ita kusa da ido.

"Wannan ai shaf ne. Me suke nema da shi?"

Na fassara masa tambayar, na ƙara da cewa ni ina ganin a siririn wurin zai karye, tunda nan ne ba ƙarfi.

"Kayya! Ke da ganin ba ki taɓa ciro karyayye ba. Nan yake karyewa." Ya dangwala farce daidai gaɓar da kauri ya haɗu da siriri. "Kullum nan. Na ciro sun fi ɗari."

"To me ya sa? Ai nan ya fi can kauri."

"Haka yake yi."

"Baba, haka yake yi ba amsa ba ce. Sun ce me ya sa."

"Ni za ki koya wa shaf?"

Muka kaure. Na ce wataƙila lungun ne, don yana da kaifi, kamar yadda ƙyalle ke yagewa daga inda aka ɗan sa masa almakashi. Baba ya buɗe baki zai musa, sai ya tsaya. Ya ce lallai waɗanda aka yi wa lungun a lanƙwashe sun fi daɗewa, ya lura da haka tuntuni. Ya karɓi biro ya zana min iri biyun a bayan wani ambulan, na ƙwace na gyara masa zanen, ya ce na ɓata. Sai da Malama ta yi gyaran murya muka tuna a ofishin mutane muke.

"Malama, wa ya yi daidai?" in ji Baba.

"Wallahi ban sani ba, ni tarihi na karanta. Abin da na sani, minti ashirin ke nan ban samu wurin sa baki ba a ofishina."

Baba ya kalli ambulan ɗin, ya kalle ni, ya miƙe. Ya yi mata godiya, amma fom ɗin ko taɓa shi bai yi ba. Sai da muka isa inda ya ajiye babur, ƙarƙashin wata bishiya, ya yi magana, bai kuma dube ni ba.

"Kin tuna ranar da kika karɓi kyautar lissafi a sakandare? Shugaban makaranta ya miƙo min hannu. Da ya ga nawa, sai ya mayar da abin ɗaga hannu daga nesa. Na wanke shi sau uku kafin in fito, Uwata, baƙin nan ba ya fita. Ba na so wani ya kalli hannunki haka."

Ban taɓa sanin wannan ba. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, har na rasa wanne zan fara da shi. Na ce, "Baba, ai shi ya kamata ya ji kunya, ba kai ba." Hawaye suka hana ni ƙarasawa. Ya tayar da babur, muka koma gida.

Alhamis ya fita tun kafin in tashi. Na je aji na zauna kamar gunki, ƙarfe biyu na kasa daurewa na nufi gareji da fom a jaka. Na tarar da ƙafafunsa kawai, sauran jikin na ƙarƙashin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Na gaishe shi, ya amsa daga ciki. Na tsaya. Biyu da rabi ta wuce, yana ta ƙwanƙwasa abu. Na rantse a raina ba zan roƙa ba, kuma ba zan tafi ba.

"Lissafin nasu, kin ce kin shiga kin ji," muryarsa ta fito. "Za ki iya?"

"Zan sha wuya. Amma zan iya."

"In kika faɗi fa?"

"In sake."

Ya ci gaba da ƙwanƙwasa, har na ɗauka ya manta da ni. Sai katakon da yake kwance a kai ya gangaro waje. Ya tafi bakin famfo ya daɗe yana murza hannu da sabulu, ya goge da tsumma mai tsabta, sannan ya karɓi fom ɗin da yatsu biyu ta gefe. A kan murfin motar ya sa hannu, a hankali, harafi bayan harafi, kamar yana ɗaure noti. Ya dubi agogon bango ya ce, "Uku da kwata! Kin tsaya kallona, hau mu tafi."

Ban taɓa ganin Baba ya yi gudu irin na ranar ba, shi da kullum yake zagin masu gudu. Saura minti goma sha biyu na haura benen nan ina haki. Malama ta duba sa hannun, ta buga hatimi, ta ce in je sashen gobe da safe in karɓi jadawalin darussa, in kuma dawo wurinta bayan wata guda ko da komai lafiya.

Da na sauko yana zaune a kan babur, ya ƙi shiga inuwa. Na ce an karɓa. Ya gyaɗa kai, ya yi ta wasa da makulli, ya waiga hagu da dama kamar mai shirin faɗin abin kunya.

"Uwata, wannan lungun. Shekara talatin ina ciro su ina jefarwa, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba. Ranar da aka koya muku dalilin, ki zo ki faɗa min."

"To, Baba."

"A gida. Ba a gaban mutanen gareji ba."