Tabarma Tsakanin Gwiwoyi

Jirgin masu duba haƙori sau ɗaya yake zuwa tsibirinmu a shekara, kuma ba ya kwana. Ya shigo da hantsi, ya fita kafin ruwa ya janye daga kan duwatsu. A bana da ya tsaya, Filimone yana cikin masu jira a gaɓa, rungume da 'yarsa Lupe. Macen da ta fara saukowa da akwatin aiki a hannu, yayarsa ce Lesieli, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sunkuyar da kai, ya ja da baya ya bar mata hanyar da ko mota za ta wuce.

Ba faɗa suke yi ba, al'adarmu ce. Tun yana ɗan shekara goma aka kwashe masa shimfiɗa zuwa bukkar samari a bayan gida, kamar kowane ɗa namiji da ke da 'yar'uwa. Ba ya zama kusa da ita, ba ya raha a gabanta, in tana kan kujera ƙasa ce wurinsa. Shekara ashirin da huɗu ke nan, har ya fi sanin takalmanta a kan fuskarta. Ita ta raɗa wa Lupe suna daga can Nuku'alofa, babban birninmu, inda take aiki, don ita ce gwaggo, kuma a kan 'ya'yansa maganarta ce ta ƙarshe.

Abin da ya kawo shi gaɓa bai wuce bakin Lupe ba. Wata bakwai da suka wuce matarsa Seini ta tafi Ostireliya tsinkar lemu, ta bar masa yarinya 'yar shekara uku da ba ta yarda da kowa sai shi. Mutumin da yake jawo kifin da ya fi shi nauyi cikin kwale-kwale shi kaɗai, kukan 'yar mitsitsiyar yarinya ya fi ƙarfinsa. Dabarar da ya gano ita ce bulumboti, kwalbar shayar da jarirai: shayi, da madarar gwangwani mai zaƙi cokali uku, safe da rana da lokacin kwanciya. Kukan ya tsaya kuwa. Haƙoran gaba huɗu suka yi rawaya, suka fara marmashewa, na tauna guda ya yi kogo. Yanzu ko rogo mai laushi sai ta tura shi gefe ɗaya, ruwan sanyi ya taɓa ta ta ƙwala ƙara. Filimone ya san aikin hannunsa ne, kuma kunyar abin tana cinsa fiye da yadda yake nunawa.

Ma'aikaciyar jinya ta tsibiri ta riga ta faɗa masa yadda ake yi wa irin su Lupe: a kai ta babban asibiti, kwana guda a teku, a yi mata allurar barci a cire duk wanda ya lalace. Ita kuwa Lupe ƙirjinta ba ƙarfi, sau biyu numfashinta yana sarƙewa har leɓenta ya sauya launi. Ya gaya wa Seini a waya. Sannan ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya bari a sa 'yarta barci ba ta nan.

A zauren coci aka shimfiɗa kayan aiki. Filimone ya tsaya daga bakin ƙofa, mahaifiyarsu Akesa ta shiga da yarinyar. Daga nan ya ji Lesieli tana bayani da muryarta mai sanyi. Ta ce ba lallai sai an kai ga barci ba. Akwai wani magani mai ruwan azurfa, ɗigo ɗaya ya isa haƙora huɗu, ana shafawa da ɗan buroshi, ruɓewar ta tsaya cak. Ba allura, ba injin huda. Illarsa ɗaya, wurin da ya ruɓe zai koma baƙi har ranar da haƙorin zai faɗi da kansa. Na taunar kuma sai a kifa masa 'yar hular ƙarfe. Abin da ake bukata kawai yarinya ta kwanta shiru na ɗan lokaci: mutum biyu su zauna gwiwa da gwiwa, ta hau cinyar wanda ta yarda da shi tana kallonsa, ta kwanta da baya kanta a cinyar mai aiki.

Akesa ta ce wannan ai da sauƙi, yara tara ta goya. Ta gyara zama, ta ɗora jikarta. Ko kan bai kai cinyar Lesieli ba Lupe ta banƙare kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa, ta harba ƙafa, ta kafa wa kakarta haƙori a dantse.

"Waɗannan ne haƙoran da kuke cewa sun lalace?" Akesa ta ce tana murza wurin. "To Allah ya kiyaye mu da ranar da za su warke."

Mata suka kwashe da dariya. Matar limamin coci ta gwada, ma'aikaciyar jinya ta gwada, har wata ta ce a nannaɗe ta da zane mutum uku su riƙe. Lesieli ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta danne yaro, wanda aka danne yau ba zai sake buɗe wa kowa baki ba har ya tsufa. Lupe ta zame ta ruga bakin ƙofa ta ƙanƙame ƙafar ubanta tana kiran "Mone, Mone," kamar yadda yaranmu ke kiran iyayensu da suna. Yana ɗaukarta ta yi tsit.

Kowa a zauren ya gane cinyar ubanta kaɗai za ta yarda ta hau, shi kuwa ba ya zama gwiwa da gwiwa da yayarsa. Lesieli ta dubi yarinyar a ƙirjin ubanta, ta kawar da ido, ta jawo takardar waɗanda za a tura babban asibiti. Matuƙin jirgi ya leƙo ya ce saura awa ɗaya.

Filimone ya juya da 'yarsa ya nufi gida, mata suka zaci ya haƙura. Bai jima ba ya dawo ɗaure da ta'ovala, tabarmar ƙugun da muke sawa in za mu tsaya gaban manya. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa ya harɗe ƙafafu. Bai yi wa yayarsa magana kai tsaye ba, mahaifiyarsu ya fuskanta, gumi yana bin wuyansa. Ya ce a taya shi roƙon Yaya ta bar shi ya riƙe yarinyar. Ya ce laifin nasa ne tun farko, shi ya ɓata bakin yarinyar, kuma ya san abin da yake nema bai dace ba. In ta ƙi, ta yi daidai. Amma ya yi wa Seini alkawari.

Matar limami ta yi gyaran murya irin ta wadda ke shirin wa'azi. Lesieli ta ajiye biro.

"Tashi ka hau kujera," ta ce, idonta a kan akwatin aiki. "Ni na ce."

Ya tashi, amma ƙafafunsa suka tsaya taku biyu daga kujerar. Sai Akesa ta miƙe da ƙyar, ta kwance tata tabarmar ƙugun, tsohuwa ce da ta gada daga uwarta, ta yi laushi kamar zane. Ta ninka ta biyu, ta rufe gwiwoyin 'yarta, ta saki rabin ya sauka ƙasa. Ta tura ɗanta ya zauna, ta ɗago ragowar ta ɗora a kan nasa.

"Tabarmata ya taɓa," ta ce tana bin matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wadda ta ga wani abu daban, ta tsaya a duba mata ido in an gama da haƙori."

Matar limami ta haɗiye wa'azinta.

Filimone ya zaunar da Lupe tana fuskantarsa, ƙafafunta a ƙugunsa, hannayenta cikin nasa. Ya yi zaton nan take za a fara. Lesieli ba ta ko kalli bakin ba. Ta ba yarinyar ɗan madubin nan mai dogon hannu ta riƙe. Ta haska tocila a tafin hannunta, ta kashe, ta kunna, ta bar Lupe ta kashe da kanta. Ta ƙirga yatsun ƙafarta, ta yi kuskure da gangan ta ce goma sha ɗaya ne, Lupe ta ce ƙarya ne. Ta tambaya ko haƙoranta ma goma sha ɗaya ne. Lupe ta ce sun fi. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba sai ta gani. Yarinyar da ta gagari mata uku ta kwanta da baya da kanta, ta ɗora kai a kan tabarmar kakarta, ta wangale baki.

Shi dai ƙasa aka koya masa kallo, kuma yau abin da ke ƙasa hannayen yayarsa ne. Bai taɓa ganin hannu yana aiki haka ba. Ta goge kowane haƙori da auduga, ta tsoma buroshin da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba cikin ɗigon maganin, ta taɓa, ta jira, ta koma na gaba. Ba gaggawa, ba motsin da ya tafi a banza. In Lupe ta ɗaure fuska, hannun ya tsaya kafin kukan ya zo, babban yatsa ya shafa kumatu, sannan a ci gaba. Ya lura ɗan ƙaramin yatsanta a karkace yake, sak na mahaifinsu marigayi, sak nasa. Shekara da shekaru yana jin ana cewa Lesieli tana aikin haƙori a birni, bai san wannan take yi ba. Mamaki ya cika shi, da wani irin kwarjini da bai taɓa ji ba ko a coci.

Tana aiki tana gunguna wata waƙa a hanci. Sai da ta kai tsakiya ya gane ta. Da ita take lallashinsa tun kafin a fitar da shimfiɗarsa, lokacin da take saɓa shi a kwankwaso su tafi tsintar kwakwa. Bai san lokacin da ya ɗaga ido ba. Ya ga furfura a gefen kanta, da layu biyu a goshi. A ransa har yau budurwa ce 'yar sha biyar. Ya mayar da idonsa ƙasa da sauri.

Da aka zo kan hular ƙarfe, Lesieli ta ce Akesa ta yi murmushi. Haƙorin zinarin tsohuwa ya ƙyalla, wanda aka narka daga zoben aurenta. Ta tambayi Lupe ko tana son irin na kaka, amma fari mai walƙiya. Lupe ta gyaɗa kai. Aka cika hular da wani farin ƙulli, aka ɗora a kan haƙorin, aka ce ta cije kamar yadda ta ciji kaka ɗazu. Ta cije. Ta ɗan yamutsa fuska don ɗanɗanon, ta matse yatsun ubanta, shi ke nan.

"An gama," in ji Lesieli. Ta cire safar hannu, ta ja layi a kan sunan da ta fara rubutawa. Ta ce bulumbotin nan a jefa shi teku yau, ruwa zalla in za a kwanta, buroshi safe da yamma, kuma za ta sake shafawa in jirgi ya dawo. Ga tabarmar take magana, amma ya san da wa take. Tana ɗaga kan Lupe daga cinyarta ta ƙara da murya ƙasa ƙasa, yadda su biyu kawai za su ji: "Kai ma a cinyata ka fitar da haƙorinka na farko, Mone. Kuma ka fi ta ihu."

Ya sauka daga kujera ya koma ƙasa, Akesa ta naɗe tabarmarta ta mayar ƙugu.

A gaɓa wani ya fasa kankana mai sanyi daga cikin ƙanƙarar masunta. Kafin Filimone ya hana, Lupe ta fizgi yanki ta gatsa. Ya riƙe numfashi yana jiran ƙarar. Ta tauna, ruwan ya bi haɓarta, ta miƙa hannu tana neman wani. Wuraren da aka shafa sun fara duhu, ta bi kowa tana buɗe baki a ga hularta.

Jirgi ya juya. Lesieli tana tsaye a baya da akwatinta, ta ɗaga hannu, ga Lupe ba shakka, don 'yar ƙaninta ce. Filimone ya kama hannun 'yarsa mai danƙon kankana ya ɗaga mata shi sama. Lupe ta gaji ta zame nata ta koma ga kankanarta. Nasa yana nan a sama har jirgin ya wuce duwatsu.