Ledar Fuskar Talabijin

Tun da maganin feshi ya shiga idon Yaya Harisu bai sake taɓa gem ɗin talabijin ba.

A gonarmu ta Mairuwa abin ya faru, da damina. Tiyon famfon feshi ya tsinke yana goye da shi, ya waiwaya ya duba, maganin ya watso mishi a fuska. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya tsira, amma da rauni. Abu na kusa yana gani. Na nesa sai inuwa.

Da aka sallamo shi daga asibiti ya shige ɗaki. Ya bar majalisa, ya bar gona, har salla a ɗaki yake yi. Mutane suka yi ta zuwa dubiya. Sannu Harisu. Allah ya ƙara sauƙi Harisu. Kowa da sanyin murya, kamar an zo gaisuwar mutuwa. Yana amsawa yana kallon bango.

Kafin nan, duk Faskari an san shi da ƙwallon gem. Ni da shi muka haɗa hannu muka sayi injin, na hannu, shekarar da na gama sakandare. Talabijin ɗinmu tsoho ne, ƙarami, maƙale can sama a bangon zaure kusa da rufi, yadda kowa ke maƙalawa. Sau ɗaya na lallaɓo shi bayan ya dawo, na sa mishi hannun gem a cinya. Ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido.

"Ina ƙwallon?"

"Ga ta nan a tsakiya, Yaya."

Ya daɗe yana nema. Sai ya ajiye hannun gem ɗin a tabarma, a hankali, ya lalubi bango ya koma ciki.

Ba ni da baki. Ban iya lallashi ba, ban iya wa'azi ba. Abin da na sani kawai, mutumin nan yana narkewa a ɗaki, kuma gem ne kaɗai abin da na taɓa gani yana sa shi ihu.

Da kaka na sayar da masarar gayaunata. Babur na yi niyya tun bara, kowa a gidan ya sani. Na sa injin gem a jakar makarantata ta da, na hau mota zuwa Kankara.

Shagon Alhaji Idi dogo ne, mai duhu daga ciki, talabijin jere a bango duk suna nuna abu ɗaya: tsuntsaye masu launi da ruwa yana zubowa daga dutse. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Mai raunin ido?" ya ce. "To ai babba za ka ɗauka, yaro. Ga wannan, inci sittin da biyar, kuma ya fi sauran sauƙi. Ko daga bakin titi mutum shina gani."

"Alhaji, in jona nawa?"

"Naka mi?"

Na fito da injin. Ya kalle shi ya kalle ni, ya miƙo mini soket.

Na jona a babban. Daga nesa ya yi kyau, ba ƙarya. Na rufe idona na hagu da tafin hannu, na ƙanƙance na dama, na yi ta matsawa har hancina ya kusa taɓa gilashin.

"Kai, shinshinawa kake? Ba kilishi ba ne hwa!"

A kusa hoton ya farfashe, ya koma ƙananan ramuka kamar rariya. Ƙwallon ta zama wani farin tabo marar gefe. Na danna bugu, ɗan wasan ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya buga. Wannan jinkirin kaɗai ya isa ya sa Yaya ya yi jifa da hannun gem. Ga shi kuma batirin solarmu ba zai ja wannan ƙato ba.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a ido, hanci a gilashi. Masu wucewa suka fara leƙowa. A can ƙarshe akwai wani mai inci arba'in da uku, an rubuta 4K a kusurwarsa. Na matsa, na ƙara matsawa. Hoton bai fashe ba. Har ɗinkin ƙwallon ina gani. Na shiga saiti na tarar da wurin gem, na kunna. Ina dannawa ɗan wasan na bugawa, tare.

"Wannan."

"Wannan ƙaramin? Ya fi babban tsada, ka sani ko?"

"Na gani."

Duk abin da masarar ta kawo ya cinye. Alhaji ya ga yadda na riƙe aljihu, sai ya sassauta murya.

"Ji nan. Tunda don marar lafiya ne, ka je da shi. In bai yi mashi ba, ka dawo da shi ranar kasuwa ka karɓi abinka. Amma ka ga ledar nan ta fuskarshi? Ko kusurwa ka ɓanɓare, ya zama naka. Ba mai sayen talabijin da ba leda, cewa za a yi tsoho ne."

Na ce na ji. Ban ma ɗauke shi sharaɗi ba. A wajenmu wa ke cire leda? Rimot ɗinmu a leda yake. Kujerar babur ɗin maƙwabcinmu shekara nawa tana cikin ledarta. Fulas ɗin Inna har yau da takardar kamfani a cikinsa. Abu in yana da leda sabo ne, ko ya tsufa.

Da na iso gida ban nemi ƙusa ba. Na jawo benci na ɗora talabijin ɗin a kai, na shimfiɗa tabarma dab da shi. Inna ta leƙo zaure da ludayi a hannu.

"Salahu, wannan ne babur ɗin?"

"Shi ne."

"A ƙasa za ka bar shi? Kaji su hau?" Sai ta ga tabarmar. Fuskarta ta canja. "Nan zai zauna? Idon da ya rage mashi kake so ka ƙarasa? Tun kuna yara nake korar ku daga gaban talabijin."

"Na tambayi likitansa ranar da muka koma, Inna. Ya ce kusa ba ya ɓata ido. In ya gaji dai ya huta."

Ta koma ciki, ba don ta yarda ba. Da daddare na gaya mata abin da Alhaji ya ce game da ledar.

Na je ƙofar Yaya na yi sallama na gaya mishi. Ya ce ya ji, Allah ya sa albarka. Bai tashi ba. Washegari ma haka. Talabijin ya kwana biyu a benci yana kallona, ranar kasuwar Kankara tana matsowa.

Ranar kasuwar Yankara sai ga Gide.

Gide ɗan kawunmu ne na Sabuwa, sa'an Yaya, taubashinsa. Barkono yake kaiwa Yankara. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da zagi ba, kuma a gem bai taɓa cin Yaya sau biyu a jere ba. Ya zo dubiya a asibiti lokacin Yaya bai san inda kansa yake ba, tun sannan hanya ba ta bar shi ya zo ba. Ya kafe babur, ya gaida Inna a tsugune, ya miƙe ya buɗe murya a tsakar gida.

"Ina mai ido ɗayan? An ce mani an sa ka a lalle, har yau ba a kai ka ɗakin miji ba!"

Inna ta dafe ƙirji. Wata nawa ba wanda ya ambaci idon nan da ƙarfi a gidan.

Sai muryar Yaya daga ɗaki, a dushe.

"Wane ne wannan mai warin barkono?"

"Ubangidanka ne. Fito in rama cin da ka yi mani. Yau ko da ƙafa na riƙe hannun gem sai na ba ka biyar."

"Kai? Ko duka biyun suka tafi, da kunne zan ci ka."

"To fito mana, amarya."

Labule ya motsa. Ya fito yana kare fuska da hannu, ya rame, rigarsa ta yi mishi yawa. Na matsa zan kama shi, Gide ya harare ni, na janye. Da kansa ya lalubo zaure.

Na zaunar da shi a tabarma, gwiwarsa na taɓa benci. Na kunna. Fili ya fito kore shar. Ya karɓi hannun gem, yatsunsa suka sami wurarensu ba tare da ya duba ba. Ya matso da fuska. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Haske kawai nake gani," ya ce. "Da inuwar kaina."

Na duba daga inda yake. Gaskiya ne. Shagon Alhaji duhu ne, zaurenmu kuwa ƙofa biyu gare shi. Hasken rana na faɗowa kan ledar yana walƙiya, ga ƙananan kumfa da tattara duk fuskar. Mai ido biyu zai yi kallo ta cikinsu bai ma lura ba. Na saki labule, na tura ƙyauren waje. Walƙiyar ta ragu, ba ta tafi ba.

"Yanzu fa?"

"Kamar cikin ruwa." Ya ajiye hannun gem ɗin a tabarma, a hankali, irin na wancan karon. "Inna ta gaya mani sharaɗin mai shagon. Mayar mashi da kayanshi, Salahu. Ka sayi babur ɗinka. Na gode."

Yaya ya dafa ƙasa zai tashi.

Ban san ko ledar ce ba. Wataƙila idon ne kawai, ba talabijin ɗin da zai yi. In na cire kuma bai gani ba, ba babur, ba masara, sai allon da zai riƙa tuna mishi abin da ya rasa. In ya koma ɗakin nan kuwa, ban ga wanda zai sake fito da shi ba.

Na sa farce a kusurwar sama.

"Salahu!" Inna ce daga bakin ƙofa. "Sabon abu?"

"Kai, bari," in ji Yaya. "Na ce ka bari."

Na ja. Ta taso da wata ƙara kamar ana yage sabon yadi, tun daga sama har ƙasa, ta manne mini a hannu. Gilashin ya fito baƙi wuluk a gefe, ba ƙyalli, koren ya zauna daram.

Yaya yana rabi a tsaye, hannu ɗaya a ƙasa. Ya juyo da idon dama. Ya koma ya zauna. Ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. Sai ya ɗaga yatsa ya dangwala a tsakiyar fili.

"Ga ta."

Gide ya yi tari, ya ɗauki nasa hannun gem ɗin.

"To mun ji, ka ga ƙwallo, a buga maka ganga. Matsa da wannan ƙaton kan naka, ka tare mani rabin fili."

"Leƙa ta gefe. Haka za ka sha kashi."

Na ɗan rage hasken allon, na canja wa 'yan wasansa riga zuwa ja don su bambanta da na Gide. Aka fara.

Gide bai raga mishi ba, kuma na ji daɗin haka. Ya zura biyu kafin hutun rabin lokaci, kowacce da rawa. Gefen hagu ne matsalar: duk ɗan wasan da ya biyo ta nan, Yaya ba ya ganinsa sai ya wuce. Ya gane da kansa. Ya gyara zama ya koma hagu kaɗan, ya riƙa juya kai gaba ɗaya yana bin ƙwallon kamar mai karatun allo. Ana dab da tashi ya yanke mutum biyu, ya ɗaga ta sama da mai tsaron gida, ta faɗa raga.

Ihun da ya yi, akuyar Inna sai da ta tsinke igiya.

An tashi Gide na da uku, Yaya ɗaya. Idon yana ta ruwa, na ce ya huta, ya huta ba gardama.

"Biyar ka ce," ya ce wa Gide yana goge fuska da hannun riga. "Ina sauran biyun?"

"Tausayi na ji."

"Ƙarya kake. Sati mai zuwa ka biyo."

"Ni zan yi ta biyo ka? Ka zo Sabuwa in kai namiji ne."

"Salahu zai kawo ni." Sai ya tuna ba babur. Ya juyo inda nake. "A mota."

"A mota," na ce.

Aka kira la'asar. Gide ya miƙe, na miƙe. Yaya ya ɗan jima a zaune, sannan ya ce in miƙo mishi buta da hularsa. A bakin ƙofa hasken waje ya dake shi, ya tsaya. Bai ba ni hannu ba. Kafaɗata ya dafa, kamar yadda yake yi da can in zai gaya mini magana a hanya.

Da na waiwaya, Inna ta tsinci ledar daga ƙasa tana ninkewa a gwiwarta, tana lallashe tattarar da tafin hannu.

"Ko rimot ɗin a naɗe da ita," ta ce.