Sulen Baba a Hannun Maƙeri

An kira ni ɓarauniya a tsakar gidan ubana, kuma har yau idan na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Sunana Rauda, malamar firamare ce ni a cikin garin Daura, ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ɗaukar abin wani haramun ne.

Babanmu, wanda ake kira Alhaji Sada Ɗancanji, a Kongolam, bakin iyakar Nijar, ya ƙare ƙarfinsa yana canjin naira da sefa. Yana da wata jaraba da danginsa suka ɗauka taɓin hankali ne, wato tara tsofaffin sulalla. Anini, kwabo mai huji, sisi, fataka, har da na ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. A cikin 'ya'yansa ni kaɗai na gaji jarabar. Yayana Nabil kuwa bai ga amfanin kuɗin da ba ya sayen ko ƙuli-ƙuli ba.

Akwai guda ɗaya da Baba ya fi ƙauna. Sule ne babba na azurfa, a rufe cikin 'yar roba mai haske da aka yi daidai jikinsa. Masu wannan harka suna ce wa irinsa furuf. Ba don kashewa ake buga shi ba, don ajiya ne, kuma ba a yin su da yawa. Baba ya sha zaunar da ni da gilashin ƙara girma yana nuna mini yadda ake gane na gaske. Filinsa sumul yake kamar madubi, hoton da rubutun kuwa dishi-dishi suke kamar an barbaɗa musu gari. Bakinsa a tsaye yake da kaifi, ba a goge ba. Mayaudara sukan ɗauki sule na kasuwa su goge shi har ya yi walƙiya, amma nan take ake kama su, don hoton da filin duk ƙyalli ɗaya suke yi, kuma gilashi zai nuna maka 'yan zane-zanen gugar. Ya ce mini darajarsa tana cikin cewa hannu bai taɓa taɓa shi ba. Tabon yatsa guda ya isa ya zubar da ita.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, ni na yi jinyarsa, makullin akwatinsa yana ɗaure a bakin zanina. Wannan shi ne laifina duka.

Bayan an share makoki aka taru rabon gado. Malam Sha'aban, limamin unguwarmu, shi ne mai rabo. Ƙanen Baba, Baffa Abdulbaƙi, ya zauna kusa da shi ya hakimce kamar shi ya tara dukiyar. Aka gama maganar gida da gona lafiya, aka buɗe akwati. Baffa ya ɗago sulen cikin robarsa, ya juya shi, ya taɓe baki.

"Ke Rauda, ina azurfar da marigayi ya ishe mu da labarinta?"

"Ita ce a hannunka, Baffa."

"Wannan? Ni za ki yi wa wayo? Na yi fataucin shanu tun ba a haife ki ba, na san azurfa a gashin matan Fulani. Tsohuwar azurfa baƙi take yi. Wannan gwangwani ne ke ta ƙyalli kamar kyautar cikin biskit."

Na yi masa bayani da ladabi, Allah ne shaidata. Na ce ba ta yi baƙi ba ne don iska ba ta taɓa ta ba. Na ɗauko gilashin Baba na ce ya duba filin, ya duba hoton, ya duba bakin. Ko karɓa bai yi ba.

"Makulli a hannun wa yake?" ya tambayi jama'a, ba ni ba. "An ɗauke ta gaske an sa ta jabu. Dukiyar magada ce fa. Kuma yanzu ba da ba ne, shari'a ake yi a jihar nan. Wanda ya ɗauki abin wani ya san inda ake kai shi."

Matan da ke bakin ƙofar ɗaki suka fara kallon-kallo. Na san kafin la'asar maganar ta kai gidan surukaina, kafin gobe ta kai makaranta. Na juya wajen Nabil, wanda ya san ko ashana ban taɓa ɗauka a gidan nan ba, ina jira ya buɗe baki. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To ai in gaskiya ce, a gwada mana." Wallahi maganar Baffa ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Malam Sha'aban ya ce a kira Zailani maƙerin azurfa, tunda sana'arsa ce. Ni kuwa na san yadda maƙera ke gwada azurfa.

"Allah gafarta Malam, a yi mini rai," na ce. "A auna nauyinsa yana cikin robar. Ko a kai shi Kano wurin waɗanda suka san irinsa, ni zan ɗauki nauyin tafiyar. Idan aka fito da shi aka goga, an kashe shi."

Baffa ya yi dariya har da tafa hannu. "Kun ji ko? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as! Azurfar da ke tsoron hannu ai ba azurfa ba ce. A kai Kano a sake musanya ta a hanya? In ba ki yarda a buɗe a nan ba, a buɗe gaban alƙali."

Zailani ya iso da 'yar jakarsa, ya yi gaisuwa ya zauna. Mutumin kirki ne, ba ni da faɗa da shi, abin da ya gada shi ya sani. Ya yi ta juya robar bai ga ta inda ake buɗewa ba, har ya zaro wuƙa. Duk idanu suka dawo kaina. Na dubi sulen, na dubi mutanen da na tashi a gabansu suna jiran su ga ko ni ɓarauniya ce. In na hana, na amsa laifi. In na bari, abin da Baba ya yi shekaru yana tattali ya tafi a banza. Na karɓi robar, na sa farce na buɗe ta da hannuna, ina kuka don baƙin ciki.

Baffa ya riga kowa cafke shi da yatsunsa masu jan goro. Ya shinshina, ya ɗan gatsa da haƙori, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka sulen ya zaga tabarma hannu zuwa hannu, kowa na dangwala masa maiƙo.

Sannan Zailani ya shiga aiki. Ya ɗaga shi sama ya sake shi a kan siminti don ya ji ƙararsa. Sulen ya yi wani kuka siriri mai tsawo, ya gangara har gindin randa. Ya ɗauko ya sake jefawa, wai bai ji da kyau ba. Ya goga shi a baƙin dutsensa. Ya sa magagari ya ci bakinsa don ya ga ko fenti aka yi masa. Ya ɗiga masa ruwan gwaji, wurin ya yi tabo. Da ya ga tabon sai tausayina ya kama shi, ya nemi toka da lemon tsami, ya dirje sulen gaba da baya da gefen rigarsa.

"Kar ki damu, Malama, ga shi na fito miki da shi fes."

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ya miƙo mini wani abu mai ƙyallin cokali, duk ya kakkarce, hoton da filin sun zama ɗaya. Da za a kai wa Baba shi a haka, cewa zai yi na mayaudara ne.

"Azurfa ce tsantsa," in ji Zailani. "Ban taɓa riƙe mai kyanta ba."

Malam Sha'aban ya yi hamdala, ya ce zargi ya kau. Aka tambayi Zailani kimarsa don a sa a rabo. Ya ɗora shi a ma'auni ya ce azurfarsa za ta isa a yi zobe guda mai kauri.

"Zobe?" in ji Baffa. "Ashe duk kurin marigayi a kan zobe guda ne? Allah ya jiƙan Yaya, ya sha wahalar banza."

A nan haƙurina ya ƙare. Na miƙe tsaye, ban damu da cewa gaban manya nake ba.

"Da safen nan ya fi ƙarfin zobe, Baffa, ku kuka maida shi haka! Na roƙe ku, na yi muku bayani, kuka ƙi ji. Kun kira ni ɓarauniya gaban mutane, to ga mutanen nan ba su tashi ba. Ka faɗa da bakinka cewa ban ɗauki komai ba."

Baffa ya gyara hula ya ce shi bai ambaci sata ba, tambaya kawai ya yi, kuma tun da aka kafa Daura babba bai taɓa durƙusa wa yaro ba. Malam ya ce a yafi juna, duniyar nawa take. Yafiya ai sai wanda ya yi laifi ya nema. Nabil yana ta wasa da bakin tabarma. Na yafa mayafina na fita, ban tsaya jin rabon da ya faɗo mini ba. Daga baya na ji sulen a kason Nabil ya faɗa.

Maganar kuwa ta riga ta fita, kuma rabinta kawai ta fita. A unguwa an ji cewa an tuhumi Rauda da cin gado har sai da aka kira maƙeri. Abin da maƙerin ya ce, babu wanda ya ɗauki wahalar yaɗawa. Wata uwa ta zo makaranta ta nemi a canza wa 'yarta aji.

Ana jibi ƙaramar Sallah sai ga Zuwaira, matar Nabil, da sallamarta. Muka gaisa, na kawo mata ruwa. Ta yi ta kame-kame, sannan ta kwance bakin gyalenta ta fito da zobe sabo fil, an yi masa zane mai kyau.

"Yayanki ne ya ce in kawo miki. Ya kai wa Zailani abin Baba ya narkar, ya ce tunda ke ce mai sonsa, gara a yi miki abin da za ki riƙa sawa."

Na dubi zoben. Wato ko ragowar ma ba su bari ba, kuma wai wannan ne ban-haƙurin.

"Zuwaira, ya ce ni ba ɓarauniya ba ce?"

"Haba Malama, ai kin san bai taɓa ɗaukar ki haka..."

"Ya faɗa da bakinsa? Gaban wa?"

Ta kawar da kai tana jujjuya kofin ruwa, sai na tura mata zoben.

"To ɗaure abinki ki mayar mishi. Ki ce ba zobe na ɓatar ba. Ranar Sallah dangi duk za su taru a gidan Baba, har da Baffa. In yana da ƙanwa, ya tashi tsaye ya faɗa a can."

Ranar Sallah na shirya yarana, na zauna da mayafi a kafaɗa ina jiran aike. Har aka kira magariba babu wanda ya zo.