Ɗakin Ƙasan Kawu Ilarie

Otilia ba ta san lokacin da ta tsallake shingen katako ba. Ta dai ji ihun Gwaggo Profira, ta yar da takalman gonar da take wankewa, sai ga ta a tsakar gidan maƙwabta ta cafke tsintsiyar hannun tsohuwar, wadda ƙafarta ɗaya ta riga ta taka matakalar ɗakin ƙasa.

"Sake ni! Ilarie na ciki, ya faɗi!"

"Na gan shi, Gwaggo. Kada ki sauka."

Ta gan shi kuwa. Can ƙasa tsakanin gangunan inabi Kawu Ilarie na kwance rub da ciki, fitilar goshin da ɗansa ya aiko masa daga Italiya tana ta haska ƙasa.

Lokacin kaka ne, kowane gida ya matse inabinsa ya zuba a ganguna yana tsima. Ofishin gona na gunduma ne ya turo Otilia ƙauyen neman sanin makamar aiki, ta kama ɗaki a gidan da ke jikin nasu. Aikin da aka ɗora mata a wannan watan bai wuce bin gida gida da magana ɗaya ba: inabi in yana tsima yakan fitar da wata iska mai nauyi, ba wari ba launi, ta kwanta a rami ta shaƙe mutum. Ba sabon labari ba ne. Tun kakanni ba mai sauka sai da kyandir a hannu, in wutar ta mutu ya juya da gudu. Abin da ya lalata lamarin shi ne fitilun zamani, waɗanda ba ruwansu da iska, su ci suke yi kawai.

Gidan Kawu Ilarie ta fara shiga, don shi ne mai ba ta cuku da gyaɗar bishiya ta kan shinge. Shi ne kuma ya fi kowa yi mata dariya.

"Injiniya, tun ba a haifi babanki ba nake shiga ramin nan. Kyandir ai na coci ne. Zauna ki ci abinci, kin bushe kamar sandar wake."

Ranar ita ma dariyar ta yi. Yanzu da hannu ɗaya take riƙe da matarsa, da ɗayan tana kiran masu agajin gaggawa a waya. Mutumin da ya ɗauka ya ce 'yan kwana-kwana da motar asibiti sun taso daga cikin gari, a buɗe ƙofa sosai, kada kowa ya shiga. Otilia ta san hanyar nan, kullum ita take bi a bas. Tuddai ne da ramuka, ga ruwan jiya.

Daga ƙasa wani irin minshari ke tasowa, mai kauri, yana yankewa yana dawowa. Tsoro bai taɓa kama ta irin na jin wannan sautin ba.

Toader mai tarakta ya faɗo gidan yana haki, ya leƙa, nan take ya cire rigarsa ya ɗaure hanci.

"Matsa, yarinya. Yanzu zan cicciɓo shi."

"Riga ba ta tare iskar nan, Kawu Toader! Wallahi kusa da shi za ka kwanta!"

"Ke da karatunki! Mutum na mutuwa kina mana lacca?"

"To kawo kyandir ka gani da idonka. In wutar ta kai ƙasa, ni zan fara sauka."

Ta faɗa ne kawai. Toader ya ruga ɗaki ya ciro kyandir daga gaban hoton waliyyi, ya kunna, ya manna shi a bakin shebur mai dogon ƙota, ya zura shi a hankali bisa matakala. Wutar ba ta yi wani nisa ba ta fara tsukewa, ta yi shuɗi, ta mutu murus kamar an murje ta da yatsa. Toader ya ja da baya, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Ya fita neman igiya da ƙugiya.

Otilia ta ɗauka shi ke nan, tsohuwar ma ta gani. Ashe ba abin da suka gani ta gani ba.

"Ya mutu masa," in ji Gwaggo Profira a hankali. "Kyandir ɗin ya mutu. Zai tafi babu haske."

A ƙauyen nan mutuwa ba ta kai mutuwa babu kyandir a hannu ban tsoro ba. Wanda ya cika a haka, cewa suke cikin duhu zai yi ta lalube a can. Tsohuwar ta sunkuya ta ɓalle kyandir ɗin daga shebur, ta ɗauki ashanar da Toader ya yar, ta fizge da ƙarfin da ba wanda zai ce tana da shi.

Otilia ta rungumo ta ta baya suka zube a kan tsakuwa. Ta danne ta, ta kama hannayenta biyu ta matse iya ƙarfinta.

"Sake ni, 'yar baƙin ciki! Mijinki ne? Ke kika zauna da shi?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri."

"Hannunsa kawai zan sa masa in fito. Otilia, 'yata, don Allah. Hannunsa kawai."

Zagin bai yi mata ciwo kamar roƙon ba. Ta kifa fuskarta a kafaɗar tsohuwar tana kuka, amma ba ta sassauta ba. Wani tunani yana ta cin ta: in ta riƙe numfashi ta sauka fa? Ta san nauyin Kawu Ilarie, ta san ba za ta iya ɗaga ko ƙafarsa ba, kuma tana sakin hannun nan tsohuwar za ta riga ta shiga.

Suna nan a ƙasa minsharin ya yanke. Suka kasa kunne su biyu suna jiran ya dawo. Kaji na ta kiwonsu a gindin bishiya. Bai dawo ba.

Da 'yan kwana-kwana suka iso, da tulun iska a bayansu suka shiga suka fito da shi. Likita ya durƙusa a kansa ya yi ta danna ƙirji, can ya miƙe ya girgiza kai. Rai ya yi halinsa. Sai a lokacin Otilia ta buɗe yatsunta, da ƙyar ma suka buɗu. Gwaggo Profira ta rarrafa ta kunna kyandir ta sa a hannun mijinta, ta naɗe yatsunsa a kai. Ko kallon Otilia ba ta yi ba.

Washegari Otilia ta kasa fita aiki. Ta labulen taga take hango mata cikin baƙaƙen kaya suna shiga gidan, duk wadda ta waiwayo sai ta saki labulen. Ta tabbata magana ɗaya ake yi: baƙuwar yarinya ta hana mata kai wa mijinta haske. Har ta fara cusa kaya a jaka, sai ta ji an ƙwanƙwasa shinge.

"Injiniya! Fito."

Ta fito. Gwaggo Profira na tsaye a bakin teburin tsakar gida, ta naɗe hannun riga tana kwaɓa fulawar burodin sadaka. Idanunta sun kumbura. A tsintsiyar hannayenta duka biyu shatin yatsu ya fito, ya yi baƙi-baƙi.

"Kwanon nan sai gudu yake mini," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zo ki riƙe. Ke kin iya riƙo."

Otilia ta zagayo ta ƙofa, ta kama bakin kwanon da hannu biyu. Tsohuwar ta ci gaba da murza ƙullin, fulawa na sauka a hankali tana rufe shatin.