Kwalin da Baba Ya Riƙe

Yayana Eilif irin mutanen nan ne da sai sun auna ruwa kafin su yarda suna jin ƙishirwa. Da likita ya ce zuciyar Baba ta gaji, abu ɗaya na roƙe shi: ya ɗauki tsohon nan hoto na kirki tun yana iya zama. Ya ce to, amma sai ya gama gwada sabon fim ɗin kyamara da ya saya.

Duk Lahadi Baba zai sa rigar sanyinsa ta zuwa coci, ya taje gemu, ya zauna bakin tagar da ke kallon jiragen kamun kifi. Eilif ya miƙa masa wani kwali mai launin toka ya ce ya tare fuska da shi, sannan ya matso da kyamara har kwalin ya cika hoton. Daga nan sai ɗakin duhu. Ya wanke fim, ya tura shi ƙarƙashin na'urar auna duhu, lamba ta fito, ya tsuke baki. Yau fim ya yi duhu da yawa, mako mai zuwa ya yi haske. Wai in bai samu lambar daidai ba, farin gemun Baba zai shafe a takarda.

Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In dafa kofi, in manta shi, in leƙa ɗakin duhu a kore ni. Tsoro nake ji, tsoron kuma ya koma masifa.

"Malam mai awo, mutum za ka ɗauka ko kwali?"

"Gunvor, sau ɗaya zan yi shi. Ina so ya fita daidai."

Baba ya leƙo ta gefen kwalin yana haki. "Ƙyale shi, 'yar nan. Kwalin ya fi ni kyau, ko uwarku ma da shi za ta zaɓa."

Wata Laraba da hantsi Baba ya cika, a kan kujerar tasa.

Da limamin coci ya nemi hoton da za a ajiye kusa da akwatin gawa, na faɗa ɗakin duhu ko ƙwanƙwasawa babu, bakina cike da magana. Na tarar da Eilif tsaye gaban na'urar. Ya ce fim ɗin Lahadin ƙarshe ya ba da lambar da yake nema. Ban san sanda na ɗaga hannu zan mare shi ba.

Sai ya miƙo mini wata takardar hoto da ba ta gama bushewa ba. Toka ce daga sama har ƙasa, amma a kusurwa ga babban yatsan Baba yana danne da kwalin. Kowace tsaga ta fata ta fito, har tabon da ƙugiya ta yi masa.

"Tsakiya kawai nake aunawa," in ji shi. "Ban taɓa duba gefe ba."

Ita muka kai coci.