Ina Idonki Ya Fara Sauka?

Maigidana direban tirela ne, ko in ce da can direban tirela ne, kafin taya ta fashe masa a gangare motar ta kwanta da shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarsa ta dama sai da aka sa mata ƙarfe. Ranar da aka sallame mu, likitan ƙashi bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Ƙafar nan tafiya take so. In yana taka ta kullum za ta saki. In ya zauna za ta sandare, kuma in ta sandare ba ni da abin da zan yi mata."

To, mutumin da ya saba kallon duniya daga saman kan tirela ya ce shi ba zai fita da sanda ana bin sa da sannu ba. Ya samu kujerar da ke bakin tagar falo ya dasa kansa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi fushi, duk a banza. Ni malamar firamare ce, na saba da taurin kai, amma na ɗan aji biyu, ba na mai furfura a gemu ba. Tsoro nake ji sosai, don ina ganin yadda gwiwar ke ƙara ƙin lanƙwasuwa.

Ƙanensa ne ya kawo masa wata tsohuwar kyamara, ya kuma sa shi a wani zaure na intanet inda masu sha'awar ɗaukar hoto ke haɗuwa. Kowa ya ɗora hotonsa, sauran su yi masa sharhi. Ba wanda ya san fuskar wani, sai laƙabi. Maigida ya sa wa kansa Tsohon Direba. Abin mamaki, abin da bakina ya kasa sai ga kyamara ta yi. Ya fara fita. Yau ya kai ƙarshen layinmu ya ɗauko kyanwa a kan katanga, gobe ya kai wurin mai faci ya ɗauko tarin tayoyi. Ni kuwa ko tayoyin duniya zai ɗauka, in dai da ƙafa zai je, na yarda.

Sai dai mutanen zauren nan ba su san sannu ba. Wani ya ce hoton ya karkace. Wani ya ce sama ta ƙone, ta yi fari fat. Mai kula da zauren wata mata ce da ake kira Almakashi, don duk hoton da ta gani sai ta ce a yanke gefe. Ita ta rubuta masa, "Tsohon Direba, me kake so mu kalla a nan? Tayar ko bokitin?" Maigida ya karanta, ya ja tsaki, ya kife wayar. Washegari bai fita ba, jibi ma haka.

Raina ya ɓaci. Na ce su waye waɗannan da za su mayar mini da miji kujera? Na shiga zauren a ɓoye da wayata, na sa wa kaina Mai Kallo. Duk hoton da ya ɗora sai in riga kowa: "Kai, madalla! Hoto ya yi kyau, a ci gaba da ƙoƙari." Ina yi ina jin daɗi, wai ni ga mai dabara.

Wata rana da yamma ina gyara littattafan yara sai ya kira ni.

"Malama, zo ki ga wani bawan Allah. Mai Kallo yake ko wa? Wannan ko yatsana na ɗauka bisa kuskure cewa zai yi madalla."

Na ce, "To ai gara shi, ya san darajar mutane."

"Ina fa. Bai kalli hoton ba ne."

Na koma kan littattafai. Fitar ma ba ta ƙaru ba.

Ba a jima ba saƙon Almakashi ya shigo mini ni kaɗai. Ta ce, "Mai Kallo, a zauren nan ba a yabo haka kawai, ba a kushe haka kawai. Ƙa'idarmu ita ce ka faɗi inda idonka ya fara sauka a hoto, inda ya bi daga nan, da inda ya tsaya ko ya fice. Kafin ka rubuta komai, ka zauna da hoton kamar yadda za ka zauna da baƙo. In na sake ganin madalla tsirara zan fitar da kai." Ni da nake ba yara ƙa'ida, yau ni aka karanta wa.

A lokacin akwai sabon hoton da ya ɗora. Da aka fita hutun tara a makaranta, na zauna a ɗakin malamai, na ture kofin shayi gefe, na buɗe shi. Babban titin da ke ƙasan unguwarmu ne, da safe bayan an yi ruwa. Da farko ban ga komai ba sai mota da kwalta. Na daure na ci gaba da kallo. Can sai na ga wata tirela ta taka ruwan da ya kwanta, ruwan ya tashi sama, rana ta shiga cikinsa. Kowane ɗigo da haskensa, sun tsaya cak a iska, ba su faɗi ba kuma ba za su taɓa faɗi ba. Kullum ina tsallaka titin nan ina tattare zani kada a fesa mini ruwa, ban taɓa sanin haka abin yake ba. Ashe mutumin da nake kwana da shi ɗaki ɗaya yana ganin irin wannan, ni ina ta rubuta masa madalla ban ko duba ba.

Amma da idona ya bi bayan motar sai ya ci karo da wata katanga, ya rasa hanya. Can a kusurwar sama kuma ga gefen gadar masu tafiya da ƙafa, an yanke ta. Na kama rubutu, na manta da wanda nake yi wa:

"Idona ya fara sauka a kan feshin ruwan, kuma ya daɗe a wurin. Daga nan ya so ya bi motar, sai katanga ta tare shi. Titin nan dogo ne amma ka rufe mana shi. Kamar ka tsaya inda ya fi maka sauƙi ne, ba inda hoton yake ba. Da daga kan gadar can ka ɗauka, da mun ga inda motar ta nufa."

Sai da na tura na dawo hayyacina. Na tuna matakalar gadar nan, wadda ni mai ƙafa biyu lafiyayyu sai na huta a tsakiya. Na so in goge, na ga har Almakashi ta rubuta a ƙasa, "Yanzu ka yi magana."

Da na koma gida na tarar da shi zaune, waya a hannu. Abinci ma taɓawa kawai ya yi. Na ce shi ke nan, da hannuna na kashe ɗan abin da ya rage.

Washegari da sassafe ina kicin na ji ƙarar ƙofa. Kafin in fito ya tafi da sandarsa da kyamararsa. Rana ta ɗaga sosai kafin ya dawo, riga jiƙe da gumi, ƙafa a kumbure.

"Ina ka shiga haka?"

"Gada. Rabi na hau, na sauko."

Na ɗora ruwan zafi, na kawo tawul ina gasa masa ƙafar. Na ce, "Wai dole ne? Don wani da ba ka sani ba ya yi magana?"

Ya ce, "Ai ya kalli hoton."

Haka ya dinga yi. Kullum ya tafi, kullum ya dawo ba hoto, ni kuma in gasa ƙafa in yi ta addu'a a zuciyata. Wata rana ya ce saura kaɗan, wata rana ya ce yau gwiwar ta ƙi. Na lura dai ya fara sa takalminsa ba tare da ya kira ni ba.

Ranar da ya ɗora hoton ina aji. Na leƙa waya, na ce wa yara su kwafi abin da ke allo, na zauna. Daga saman gada ne, rana tana fitowa. An yi ruwa da asuba, titin ya miƙe yana sheƙi har inda ido ya ƙare, kamar an goge faranti. Tireloli sun jeru, inuwar kowace ta fi ta tsawo. A kan rufin tamfol na wadda ke ƙasan gadar ruwa ya taru, kuma a cikin ruwan nan ga sama shuɗiya shar, ga gajimare, ga tsuntsu ɗaya yana ratsawa. Direban yana ƙasa da hannunsa a taga, bai san abin da ya ɗauko a kansa ba. Na ce ikon Allah, na sake cewa ikon Allah, har wata yarinya ta ce, "Malama, lafiya?" Hawaye ne ya zubo mini ban sani ba.

Zauren ya ɗauka. Almakashi ta rubuta, "Na nemi inda zan yanke ban samu ba." Wani dai bai haƙura ba, ya ce turken wutar da ke hagu yana jan ido. Da na koma gida wannan sharhin na tarar maigida yana nanatawa yana dariya, yana cewa, "Gaskiyarsa ne, da na matsa dama kaɗan."

Ran Asabar ya ce in shirya in raka shi. Muka hau matakalar a hankali, shi a gaba ni a baya, ina shirin tare shi in ya zame, kamar zan iya. Da muka kai sama iska ta buge ni. Motoci suna wucewa a ƙarƙashinmu, gadar tana ɗan girgiza. Ya daɗe yana kallon rufin tirelolin.

Ya ce, "Rabin rayuwata a cikin irin waɗannan na yi, ban taɓa ganin samansu ba." Sai ya juyo. "To, Mai Kallo, ina idonki ya fara sauka?"

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Wa ke rubuta a ci gaba da ƙoƙari a duniyar nan in ba malamar firamare ba?"

"Shi ne ka kira ni kana yi mini tsiya a gabana?"

Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Tun da na yi hatsarin nan kowa sannu yake mini, har ke. Komai na yi madalla ne, kamar yaro mai koyon tafiya. Ranar da kika ce na tsaya inda ya fi mini sauƙi, na ji zafi ƙwarai. Amma ranar na san kin daina yi mini kallon majinyaci."

Na kama ƙarfen gadar ina kallon ƙasa, don kada ya ga fuskata.

Can wata tirela mai jan tamfol ta taho daga nesa, rana a bayanta. Ya ce, "Riƙe mini nan, hannu biyu nake so," ya miƙo mini sandar ko kallona bai yi ba. Ya ɗaga kyamara ya bi gefen gadar, yana ɗingishi, yana sauri, yana neman wurin tsayawa. Ni kuwa na tsaya da sanda a hannu ina kallon bayansa, ban kira shi ba.